Cak Mai Suna Biyu: Yadda Mai Gida a Amurka Zai Bi Kuɗinsa Bayan Ambaliya ko Gobara

Ranar da cak ɗin inshora ya iso, sai mutum ya ɗauka wahala ta ƙare. Ka yage ambulan, ka ga dala 90,000 a rubuce, ka yi hamdala. Da ka sake dubawa sai ka ga sunaye biyu ne a layin wanda za a biya: naka da na kamfanin da kake biya bashin gida duk wata. Ka kai bankinka, ma'aikaciyar ta juya bayansa, ta ga babu sa hannun wancan kamfanin, ta miƙo maka abinka.

Sharaɗi ne da ka sa wa hannu ranar da aka miƙa maka makulli, cikin tulin takardun nan da ba wanda ke karantawa. Gidan jingina ne a wurin wanda ya ba ka bashi, shi ya sa sunansa yake cikin takardar inshorar, kuma duk diyyar da ta shafi ginin sai ta bi ta hannunsa. Ko ta kamfanonin Musulunci irin su Guidance Residential ko UIF ka sayi gidan don gudun riba, haka abin yake, su ma suna da haƙƙi a ginin.

Na rubuta wannan ne don 'yan'uwa masu gida a Houston, Atlanta, Maryland, New York da sauran wurare, da masu shirin saye. Kuɗin gyara bayan bala'i daga aljihu uku suke fitowa: inshora, sai hukumar agajin gaggawa ta FEMA da hukumar SBA mai ba da rance, sai shirin jiha da ma'aikatar gidaje ta HUD ke zuba wa kuɗi. Aljihunan nan suna leƙen juna. Sashe na 312 na dokar Stafford, wato dokar agajin bala'i ta tarayya, ya hana a biya mutum sau biyu kan asara ɗaya, don haka duk wanda ya zo daga baya sai ya tambayi nawa na gabansa ya ba ka, da me ka yi da su. A rubuce yake son amsar.

Kafin ka taɓa tsintsiya

Ɗauki hoto da bidiyo na kowane ɗaki yadda ka same shi. Ruwa yakan bar zane a bango. Kafa tef ɗin awo daga ƙasa zuwa zanen, ka ɗauka yadda lambar za ta fito, ciki da waje. Firji, injin wanki, na'urar sanyaya gida, kowanne ka ɗauki lambar da ke manne a jikinsa. Yanko guntun kafet ka ajiye a leda kafin ka fitar da sauran bakin titi.

Daga nan ka hana ɓarnar ƙaruwa, domin inshora ba ta biyan abin da sakaci ya jawo. Rufa tamfol a rufin da ya yaye, yanke allon bangon da ya jiƙe kafin fumfuna ta kama shi, kuma ka riƙe rasit ko na ƙusa ne. Babban gyara kuwa ya jira mai kiyasin ɓarna ya zo ya gani da idonsa.

Sayi littafin rubutu guda. Duk wayar da ka buga, rubuta kwanan wata, sunan wanda ya ɗauka, da abin da ya ce. Bayan wata shida za ka yi magana da mutum ashirin, kowa da nasa zancen. Waya uku ce ta farko, kuma a mako ɗaya za ka buga su: inshora, kamfanin bashi, FEMA.

Iska ce ko ruwa?

Inshorar gida da kowa ke da ita tana biyan gobara da ɓarnar iska, amma ba ta biyan ambaliya. In guguwa ta yaye rufi ruwan sama ya zubo ta sama, nata ne. In ruwa ya taso daga ƙasa ya shigo ta ƙofa, babu ruwanta. Ambaliya inshorarta daban, akasari ta shirin gwamnati na NFIP da aka kafa a 1968, wanda iyakarsa dala 250,000 ce ga gini da 100,000 ga kayan ciki, kuma ba ya biyan kuɗin hayar wurin da ka koma. Doka tana tilasta sayenta ne galibi ga mai bashin gida da ke yankin da taswira ta ce mai haɗari ne. Da guguwar Harvey ta sauke ruwa a Texas a Agustan 2017, har inci 60 a wasu wurare, ɗimbin gidajen da suka nutse a Houston suna wajen wannan taswira, masu su ba su da inshorar ambaliya. Haka aka sake gani a tsaunukan North Carolina lokacin Helene a 2024.

In kana da duka biyun, buɗe fayil a duka biyun, ka bar masu kiyasi su raba abin da iska ta yi da abin da ruwa ya yi. A ɓangaren NFIP akwai wa'adi: kwana 60 daga ranar asara don miƙa takardar shaidar asara mai sa hannunka. FEMA takan tsawaita shi bayan manyan bala'o'i, amma sai ka ga sanarwar kafin ka dogara.

Bashin ba ya nutsewa

Gida ya zama kufai, amma ranar ɗaya ga wata tana nan tafe. Kada ka daina biya shiru. Kira kamfanin ka nemi ɗage biya saboda bala'i. In bashinka na Fannie Mae ne ko Freddie Mac, manyan kamfanonin da ke sayen basussukan gidaje daga masu ba da bashi (kowannensu yana da shafin da za ka sa adireshinka ka duba), ana iya ɗage maka har wata 12 ba tare da tarar jinkiri ba. In na FHA ne, wato hukumar gwamnati mai tsaya wa bashin gida, akwai dakatar da ƙwace gida na kwana 90 a yankin da shugaban ƙasa ya ayyana bala'i.

Ɗagewa ba yafewa ba ce. Tambayi yadda za a biya watannin da aka ɗage: dunƙule guda, ko a rarraba, ko a tura su ƙarshen bashin? Na ƙarshen ya fi sauƙi ga yawancin mutane. Tambayi kuma abin da za su kai wa hukumomin kiredit. Duk abin da aka amince, a aiko maka da shi a wasiƙa.

Lissafin mai kiyasi

Wanda inshora ta turo ma'aikacinta ne, ba naka ba. Bi shi ɗaki ɗaki, nuna masa abin da ya tsallake, kuma ka nemi kwafin rahotonsa dalla-dalla. Samo kiyasin 'yan kwangila biyu ko uku ka kwatanta.

Abu biyu ke rage cak ɗin farko. Na ɗaya kason da ke kanka, wato abin da inshora ke bar maka ka biya daga aljihunka, wanda a jihohin bakin teku yakan zama kashi cikin ɗari na darajar da aka yi wa gidan inshora in guguwa ce. Na biyu ragin tsufa. Misali: gidanka yana da inshorar dala 300,000, kason guguwa kashi 2, wato 6,000. Sabon rufi zai ci 20,000, amma naka ya tsufa, aka rage 8,000. Cak ɗin farko 6,000 ne kacal. In takardarka ta biyan kuɗin sabo ce, waccan 8,000 tana jiranka, sai ka gama aiki ka kai rasit a sake maka, kuma tana da wa'adi. Mutane da yawa suna barinta don ba su san tasu ba ce.

Cak ɗin farko ba shi ne na ƙarshe ba. In an buɗe bango aka ga wata ɓarna, a ƙara nema. Abin gudu shi ne sa hannu kan takardar da ke cewa an sallame ka gaba ɗaya alhali aiki bai ƙare ba. In tazarar da ke tsakaninku babba ce, akwai masu kiyasi masu lasisi da ke yi wa mai gida aiki, ladansu kaso ne daga abin da aka biya (a Texas ba ya wuce kashi 10). Ga ƙaramar asara ban ga ribarsu ba.

Ka roƙi a raba cak-cak ɗin: na gini daban, na kayan ciki daban, na kuɗin zama a wani wuri daban. Na biyu da na uku naka ne kai kaɗai. In an haɗa su cikin cak mai suna biyu, sai ka bi sahun kuɗin katifarka a ofishin wani.

Yadda kuɗin ke fitowa daga hannun kamfanin bashi

Akwai sashe na musamman da ke wannan aiki, sunansa Loss Draft, kuma lambar wayarsa daban take da ta wurin biyan wata. Ka sa hannu a bayan cak ɗin, ka ɗauki hoton gaba da baya, ka aika ta hanyar da ake bin sawu. In kuɗin kaɗan ne sukan sa hannu su dawo maka da shi. In da yawa ne su zuba a asusun ajiya su riƙa saki kashi-kashi.

Ƙa'idar Fannie Mae ta nuna yadda abin yake. In ranar da bala'in ya auku ba a binka biyan da ya kai kwana 31, ana iya sakar maka dala 40,000 ko kashi 33 na kuɗin, duk wanda ya fi yawa. A cak ɗin 90,000, ka fara da 40,000 ke nan. In kuwa ana binka kwana 31 ko fiye, kason farko kashi 25 ne, kuma a yawancin hali ba ya wuce 10,000. Lokacin guguwa a tekun Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Wanda ya shiga waɗannan watanni da bashin wata biyu a wuya ya ɗaure hannunsa tun hadari bai haɗu ba.

Za su nemi rahoton mai kiyasi, kwangilar da kuka sa wa hannu, lasisin ɗan kwangila, fom ɗinsa na haraji W-9, da takardar da ya yarda ba zai ɗora da'awa a kan gidan ba bayan an biya shi. Wani ɗan'uwa a masallacinmu ya yi mako uku yana jiran kaso na biyu, ma'aikata suka kwashe kayansu suka koma wani gida, ashe shafi ɗaya ne ɗan kwangilar bai sa wa hannu ba, kuma ba wanda ya kira ya faɗa masa. Don haka kwana biyu bayan ka aika takardu, kira ka ce a karanto maka abin da ya rage ɗaya bayan ɗaya.

Sauran kuɗin sai mai duba aiki ya zo ya ga inda aka kai. Nemi zuwansa mako guda kafin a kai matakin, kuma tun farko ka tsara biyan ɗan kwangila daidai da yadda kamfanin ke saki. Duk wanda ya ce a ba shi rabin kuɗi kafin ya kafa tsani, sallame shi. Bayan kowace guguwa motocin irinsu ke cika unguwa da lambar wata jiha.

In an riƙe maka kuɗi ba dalili, rubuta takardar ƙorafin kuskure zuwa adireshin da suka ware don haka. Dokar tarayya ta ba su kwanakin aiki 5 su shaida sun karɓa, 30 su ba da amsa. Bayan nan kana iya kai ƙara hukumar CFPB mai kare haƙƙin masu mu'amala da bankuna da kamfanonin bashi. In inshora ce ke jan ƙafa, hukumar kula da inshora ta jiharka.

Ramin da ya fi zurfi

Wata rana za a ce maka: "Ga 90,000 a ajiye, ana binka 85,000. Me zai hana a biya bashin ka huta?" Ga mutuminmu, wanda dama kuɗin ruwan nan yana ci masa tuwo a ƙwarya, kuma ya taso yana jin bashi baƙin cikin dare ne, ƙasƙancin rana, wannan magana tana da daɗin ji. Dakata tukuna.

Bayan Katrina a 2005, jihar Louisiana ta kafa shirin Road Home da kuɗin HUD, tana ba mai gida har dala 150,000, bayan an cire abin da inshora da FEMA suka biya. Mutane da yawa sun riga sun biya bashin gidansu da kuɗin inshora, wasu da ganin damarsu, wasu don an matsa musu ta waya. Da aka zo lissafi sai maganar ta koma kan tambaya ɗaya: tilas aka yi maka, ko kai ka zaɓa? Ƙa'idar HUD ita ce, in mai bashi ne ya tilasta a biya shi da kuɗin, to kuɗin ba su taɓa zama a hannunka ba, ba a cire su. In kai ka zaɓa, ana lissafa su tamkar suna aljihunka. SBA ma haka take yi.

Ga yadda yake a lamba. Gyara zai ci 200,000, inshora ta ba da 90,000, ka biya bashin 85,000 da kanka. Shirin jiha zai ce buƙatarka 110,000 ce. Ko an ba ka duka, 115,000 ke hannunka ga aikin 200,000. Gida babu bashi, amma babu wurin kwana. Da tilas aka yi maka kuma kana da shaida, buƙatarka 195,000 za a rubuta, a ba ka gwargwadon iyakar shirin.

Saboda haka in kamfanin ya kawo zancen, tambaye shi kai tsaye: umarni ne ko shawara? In umarni ne, ya rubuto a takarda mai tambarinsa, ya ambaci sakin layin yarjejeniyar da ya dogara da shi. Yawancin yarjejeniyoyi suna ba shi wannan dama ne kawai in gyaran ba zai yiwu ba ko zai rage darajar jinginar. Maganar waya ba shaida ba ce. In kuma ka yanke shawarar ba za ka sake ginawa ba, sayar da filin za ka yi ka tashi, biyan bashin yana iya zama daidai. Amma ka fara zama da mai ba da shawara kan gidaje da HUD ta amince da shi, ko lauyoyin agajin bala'i da ke taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta.

FEMA

Sai shugaban ƙasa ya ayyana bala'in, kuma gundumarka tana cikin jerin waɗanda za a taimaki ɗaiɗaikun mutane. Daga nan kana da kwana 60 ka yi rajista a DisasterAssistance.gov ko ta 800-621-3362, kuma kana iya neman tafinta. Yi rajista ko kana da inshora, kada ka jira ta gama. Ɗan ƙasa da mai girin kad da wanda aka ba mafaka sun cancanta. In iyaye ba su da takardu amma akwai yaro ɗan ƙasa a gidan, ana iya nema da sunansa.

Kada ka sa rai da yawa. FEMA ba ta mayar da gida yadda yake, tana gyara shi ne ya zaunu, kuma gidan da kake zaune ciki kawai, ban da wanda ka ba haya. A shekarar kuɗin da ta fara Oktoban 2024, iyakar tallafin gida dala 43,600 ce, da wata 43,600 don sauran buƙatu, kuma kaɗan ne ke kaiwa iyakar. Kyauta ce, ba a biyan haraji a kanta.

Wasiƙar farko sau da yawa "ba ka cancanta ba" take cewa. Karanta dalilin. Galibi takarda ce ta rage: shaidar mallaka, shaidar zama a gidan, ko wasiƙar inshora da ke nuna abin da ta biya ko ta ƙi. Kana da kwana 60 daga ranar wasiƙar ka ɗaukaka ƙara. Kashe kuɗin kan abin da aka rubuta an bayar don shi, ka ajiye rasit shekara 3. Jami'in FEMA ba ya karɓar ko sisi, wanda ya nema ɓarawo ne.

Wani abu da ya shafe mu musamman: gudummawa. In masallaci ko ƙungiyar 'yan gari suka buɗe GoFundMe suka rubuta "don gyara rufin gidan wane", FEMA tana iya cire wannan daga abin da za ta ba ka na rufi. In taimako ne na gaba ɗaya ga iyali, a rubuta shi haka, in dai gaskiyar ke nan.

Rancen SBA da shirin jiha

Duk da sunanta na hukumar ƙananan sana'o'i, SBA tana ba masu gida rance har dala 500,000 don gini da 100,000 don kayan ciki, a biya cikin shekara 30. Kuɗin ruwa ba ya wuce kashi 4 ga wanda ba zai samu rance a wani wuri ba, kuma shekarar farko babu biya, babu ruwa. Rance ne mai ruwa, wannan hukuncinsa tsakaninka da malaminka. Abin lura shi ne tun Maris 2024 ba sai ka nemi rancen ba kafin FEMA ta duba ka. Abin da ka karɓa na rance ana iya cire shi daga kyautar jiha nan gaba. In an amince maka ka ƙi karɓa, ajiye takardar da ke nuna ka ƙi.

Shirin jiha shi ne mafi tsoka kuma mafi jinkiri. Sai majalisar dokoki ta ware kuɗi, HUD ta raba, jiha ta tsara, shekara ɗaya ko biyu sun wuce. Can ne littafinka da ledar rasit za su yi rana, domin kowace dala ta inshora da ka kasa nuna ta shiga gyara, cire ta za a yi. Sharuɗɗansa kuma ba wasa ba ne. A Louisiana an ba mutane dala 30,000 don ɗaga gidajensu sama, da yawa suka sa kuɗin cikin gyara saboda bai ishe su ba, jiha ta maka dubbansu a kotu, sai a 2023 aka janye ƙararrakin.

Kafin ka fara babban aiki, je ofishin ba da izinin gini. In gidanka yana yankin ambaliya kuma suka ce gyaran ya kai rabin darajar ginin, dole ka gina bisa ƙa'idar yau, wanda sau da yawa yana nufin ɗaga gidan. Karɓi wannan hukunci a rubuce, da shi za ka nemi ƙarin har dala 30,000 da ke cikin inshorar NFIP don irin wannan aiki.

Da aiki ya kammala, kira mai duba aiki na ƙarshe, kai rasit a sako maka ragin tsufa, sannan ka nemi kamfanin bashi ya ba ka lissafin asusun ajiyar daga farko har ƙarshe, da ragowar da ke ciki. In gidanka yana yankin haɗarin ambaliya kuma ka karɓi tallafin tarayya na gyara, inshorar ambaliya ta zama dole a kan gidan daga nan gaba, har ga wanda zai saya a hannunka, kuma in ka bar ta ta yanke ba za a sake tallafa wa ginin ba a ambaliya ta gaba. Sabuwar takardar NFIP tana ɗaukar kwana 30 kafin ta fara aiki, don haka wanda ke son ta rufe shi ranar 1 ga Yuni sai ya saya kafin Afrilu ya fita.